Daɗin Da Yaro Zai Manta, Ko Asara Ne?

Akwai wani fili a birnin Los Angeles, cikin ƙasar Amurka, ana kiransa Griffith Park. A cikin filin nan akwai wani lilo na dawakin katako, inji na juyawa da su, yara na bisa, kiɗa na tashi. Wani mutum mai suna Walt Disney, wanda ya shahara wajen yin majigin zane-zane, ya kan kai 'ya'yansa mata biyu wurin ran Asabar tun suna ƙanana. Su hau dawaki su yi ta kewaya, shi kuwa ya sami benci ya zauna yana cin gyaɗa, ba abin yi sai kallo. Shi da bakinsa ya faɗi daga baya cewa a bisa bencin nan ne tunani ya zo masa, ya ga ya kamata a ce akwai wurin da iyaye da 'ya'yansu za su yi wasa tare, ba wanda zai zauna gefe yana jiran wani.

Ba shi ya fara gina irin wannan wuri ba. Tun cikin 1843 aka buɗe lambun Tivoli a Kopenhagen, babban birnin Danmak, shi kansa Disney ma ya je ya gani kafin ya gina nasa. Amma nasa ne ya zama abin koyi ga duniya. Ya sayi gonakin lemo eka 160 a garin Anaheim, cikin jihar Kalifoniya, ya kashe dala miliyan 17, aka buɗe dandalin Disneyland ran 17 ga Yuli, 1955. Ya rasu cikin 1966, sa'an nan cikin 1971 kamfaninsa ya buɗe wani wanda ya fi na farko girma nesa ba kusa ba, kusa da birnin Orlando a jihar Filorida. Daga nan aka yi na Tokiyo cikin 1983, da na Faris cikin 1992. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum sama da miliyan 20 suka shiga sashe ɗaya tak na dandalin Filorida, wanda a ke kira Magic Kingdom.

Irin wannan dandali gari ne sukutum aka gina domin wasa. Akwai fada mai hasumiyoyi kamar ta cikin tatsuniya, da jiragen ruwa, da ƙananan jiragen ƙasa masu gudu bisa dogo mai hawa da gangara, da mutanen da su kan sa rigar dabbobin majigi su yi ta yawo suna gaisawa da yara. Da dare kuma a yi wasan wuta a sararin sama. Iyali su kan yi tattali wata da watanni domin su je su yi kwana huɗu ko biyar. To, a cikin shirin wannan tafiya akwai wata tambaya wadda ta fi lissafin kuɗin jirgi da na masauki nauyi, ta kuwa shafi kowane uba da kowace uwa, ko da ba su taɓa jin sunan Filorida ba.

Gardamar gida

A ɗauka ga wani magidanci a wani gari na arewacin Amurka, ma'aikaci mai albashi daidai wa daida. Yana da 'ya'ya biyu, namiji ɗan shekara 5, da mace wadda za ta cika shekara 3 wata guda kafin ranar tafiya. Shi da matarsa sun ɗaura niyyar kai su dandalin Filorida. Da uwarsa ta ji, sai ta ce, "Haba ɗana, ina amfanin zuba wannan dukiya a kan yarinyar da ba za ta tuna kome ba? Ka bari ta yi wayo mana." Matarsa kuwa ta ce in aka jira ƙaramar ta yi wayo, babban ya wuce lokacin da zai ga ɓeran nan Mickey Mouse ya ɗauka na gaske ne.

Maganar tsohuwa ba ta banza ba ce, masana ma sun tabbatar da ita. Yawancin manya in an tambaye su abin da suka fara tunawa a rayuwarsu, ba ya wuce na wajen shekara uku ko huɗu, abin da ke bayan nan kuwa duhu ne. Wata masaniya mai suna Patricia Bauer, ta jami'ar Emory a Amurka, ta sa iyaye mata sun yi hira da 'ya'yansu 'yan shekara 3 a kan abubuwan da suka faru gare su, kamar tafiye-tafiye da bukukuwa. Bayan shekaru aka sake tambayar yaran. A sakamakon da aka buga cikin 2014, waɗanda aka tambaya suna da shekara 5 zuwa 7 sun tuna fiye da kashi 60 cikin 100 na abubuwan, amma waɗanda aka tambaya suna da shekara 8 ko 9 ba su kai kashi 40 ba. Watau yarinyar nan za ta komo gida tana ta ba da labarin fada da ɓera, ta yi shekara biyu ko uku tana yi, sa'an nan labarin ya riƙa zubewa kamar ruwa a kwando. Ran da ta zama budurwa, mai yiwuwa ne ba abin da zai rage sai hotuna.

To, daɗin da aka ji aka manta, ya zama asara ke nan?

Mutum biyu cikin riga ɗaya

Wani masanin halin ɗan Adam, Daniel Kahneman, wanda ya sami kyautar Nobel cikin 2002, ya rasu cikin 2024, ya yi dogon nazari a kan wannan. A ganinsa kowane mutum kamar mutum biyu ne cikin riga ɗaya. Akwai mai ɗanɗana abin da ke faruwa yanzu, akwai kuma mai tunawa daga baya, shi ne mai ba da labari, shi ne kuma mai yanke shawara. A littafinsa na 2011 ya kawo wata jarrabawa. Ya ce mutum ya ƙaddara an ba shi damar tafiya hutu inda ya ke so, amma da sharaɗin ran da ya komo za a ƙone hotunansa duka, a kuma ba shi maganin da zai share masa tafiyar daga zuciya. Nawa zai yarda ya biya? Mutane da yawa in suka ji sharaɗin sai sha'awar tafiyar ta ragu ƙwarai. Wannan ya nuna sau da yawa abin da mutum ke saye da kuɗin hutunsa shi ne labarin da zai riƙa bayarwa.

Kakar yaran nan tana lissafi ne da ma'aunin mai tunawa. Amma in aka bi ma'aunin nan har ƙarshensa, sai a faɗa rami. Domin in abin da yaro zai manta ba shi da wani nauyi, ashe ba laifi a bar jariri yana kuka da yunwa, ko a tsorata shi don raha, tun da ba zai tuna ba. Ba mai hankalin da zai yarda da haka, ita tsohuwar ma ita ce za ta fara tsawatawa. Kowa ya san zafin da jariri ya ji zafi ne na gaske a lokacin da ya ke jinsa. In kuwa zafinsa abin lissafi ne ko da zai manta, lalle daɗinsa ma abin lissafi ne ko da zai manta. Ba wanda ke tuna ɗanɗanon nonon uwarsa, ko goyon da aka yi masa, ko waƙar da aka yi ta yi masa har ya yi barci, amma ba a taɓa cewa uwa ta yi aikin banza ba. Da irin waɗannan abubuwan da aka manta ne a ke gina natsuwar yaro da amincewarsa da mutane, kamar yadda tushen gini ke ɓoye cikin ƙasa alhali shi ke ɗauke da soro.

Har nan dai matar magidanci ce ke da rinjaye. Sai dai hujjar nan wuƙa ce mai kaifi biyu. In daɗin yanzu shi ne abin lura, sai a tambaya: me ke sa yarinya 'yar shekara 3 farin ciki? Iyaye da yawa da suka yi irin wannan tafiya sun komo suna dariya, suna cewa abin da ƙaraminsu ya fi so shi ne tafkin wanka na masauki, ko agwagin da ya gani a bakin ruwa, ko motar da ke ɗaukar mutane zuwa ƙofar dandali. Yaro ƙarami bai san tsada ba. Dariyar da zai yi a gaban fadar da aka kashe miliyoyi wajen gininta, ita ce zai yi in ubansa ya durƙusa ya zama masa doki a tsakar ɗaki. Saboda haka hujjar da ta nuna daɗinta ba asara ba ne, ba ta nuna sai an tafi Filorida kafin a same shi ba.

Don wa a ke tafiyar?

Nan ne magidanci ya kamata ya zauna shi kaɗai ya faɗa wa kansa gaskiya. Rabin tafiyar nan don ɗansa babba ne, wanda zai tuna wani abu. Sauran rabin kuwa don shi da matarsa ne. Su ne ke so su ga idon 'yarsu sa'ad da ta fara hango fadar, su ne za su riƙe wannan gani har tsufansu. Wannan ba abin kunya ba ne. Shi Disney ma gajiyar uba bisa benci ce ta sa shi gina wurin. Iyaye suna da hakkin su ji daɗin 'ya'yansu, kuma ƙuruciyar yaro ba ta jiran kowa.

Abin da ke kawo ɓarna shi ne uba ya ɓoye wa kansa wannan, ya riƙa cewa duk don yara ya yi. Wanda ya ce don yara ya yi, zai sa ido ya ga godiya. Ran da yarinya ta kwanta a ƙasa tana birgima a gaban fada, domin ta gaji ko domin alewarta ta faɗi, sai ransa ya ɓaci, ya ce, "Kin san nawa na kashe kuwa?" Ita kuwa ba ta sani ba, ba ta kuma roƙe shi ya kashe ba. Ya ɗora mata bashin da ba ta ci ba. Amma uban da ya san shi ma don kansa ya zo, in ta yi birgima sai ya ɗauke ta ya nemi inuwa, don ya san ba ta karya masa wani alkawari ba.

Shiri da mai shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wuri mai cunkoso irin wannan, wanda ya shiga ba shiri ya sha wuya. Dole a san lokacin da ya fi sauƙin jama'a, a san cewa tsakanin Yuni da Satumba zafin Filorida ya kan kai wajen digiri 33, ga gumi, ga hadari mai tsawa kusan kowace la'asar. Dole a tanadi keken tura yaro, da ruwan sha, da hula, a kuma koya wa babban abin da zai yi in ya ɓace, watau ya tsaya ya nemi ma'aikaci mai alamar suna a ƙirji. Duk wannan rigakafi ne, ya kuwa fi magani.

Amma akwai shirin da kan juya ya hau mai shi. Dalilinsa kuwa tsada ce. Cikin 1955 dala ɗaya babba ke biya ya shiga Disneyland, sa'an nan ya biya kuɗin kowane lilo dabam. Cikin 1971 kuɗin shiga dandalin Filorida dala uku da rabi ne. Daga 1982 aka haɗe kuɗin shiga da na lilo ya zama tikiti guda, ya yi ta hawa, har cikin 2015 tikitin yini ɗaya na Magic Kingdom ya haura dala 100. Mutumin da ya biya irin wannan kuɗi na mutum huɗu, ga na jirgi, ga na masauki, sai zuciya ta ce masa lalle ya fanshe. Sai ya rubuta takarda: ƙarfe bakwai a tashi, ƙarfe takwas a bakin ƙofa, lilo kaza kafin hantsi, lilo kaza kafin azahar, ba fita sai an ga wasan wuta da dare. Ya zama kamar mutumin da ya sayi tuwo malmala uku, ya ƙoshi da biyu, ya danna ta ukun don kada kuɗinsa ya tafi banza. Kuɗin dai ya riga ya tafi tun a wurin mai tuwo, abin da ya ƙara wa kansa ciwon ciki ne kurum.

Jikin yaro kuwa bai karanta takardar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar cikin 2019, ta ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana guda, har da na rana. Yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Yarinyar da aka tasa da asuba, aka hana ta barcin rana, aka tsai da ita layi bayan layi cikin zafi, kafin la'asar ta daina ganin fada, ƙafafun mutane kaɗai ta ke gani.

Kahneman da abokan aikinsa sun yi wani gwaji cikin 1993 wanda ke da amfani a nan. Sun sa mutane tsoma hannu cikin ruwa mai sanyi ƙwarai har daƙiƙa 60. A wani karon kuma suka sa su tsoma daƙiƙa 60 cikin ruwa mai sanyi kamar na farko, sa'an nan suka ƙara musu daƙiƙa 30, amma ana ɗan rage sanyin kaɗan ba su sani ba. Da aka ce su zaɓi wanda za a maimaita musu, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, ko da ya ke wahalarsa ta fi yawa, don kawai ƙarshensa ya fi sauƙi. Abin da aka gane shi ne, zuciya ba ta auna abu da tsawonsa, ta fi riƙe inda ya fi tsanani da kuma yadda ya ƙare. To, yinin da ya ƙare da uba na faɗa, uwa ta yi shiru, ƙarama na tsala ihu, babba na jan ƙafa a layin mota da tsakar dare, da wane suna ɗan shekara 5 zai ajiye shi a zuciyarsa? Gara a hau lilo huɗu a koma masauki da rana a huta, a fita ana dariya, da a hau goma a fita ana kuka.

Kada kuma magidanci ya zaci shirinsa zai tafi ba tangarɗa. Ranar da aka buɗe Disneyland kanta ba ta tafi daidai ba. Mutum wajen 28,000 suka shiga, kusan rabinsu kaɗai aka gayyata, sauran da tikitin jabu ko ta haura shinge. Abinci ya ƙare. Kwaltar da aka zuba ba ta bushe ba, duga-dugan takalman mata suka riƙa nutsewa. Masu aikin famfo sun yi yajin aiki, har ya zama sai dai a gama makewayi ko a gama famfunan sha, Disney ya zaɓi makewayi, jama'a suka sha ƙishirwa cikin zafi. In mai dala miliyan 17 ya ga haka a ranarsa ta farko, ina dalilin da mai albashi zai husata don ruwan sama ya rushe masa lissafin la'asar? In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Bakin ƙofa da sandar awo

Akwai wurare biyu a tafiyar nan inda a ke jarraba uba, ba ya kuwa sanin ana jarraba shi.

Na farko bakin ƙofa. Dokar dandalin ita ce yaron da bai cika shekara 3 ba ya shiga kyauta. 'Yar magidancin nan ta wuce da wata guda tak, ga ta kuwa 'yar firit, ba mai ganewa. In ya ce shekararta biyu, ya tsira da kuɗi mai yawa. Zuciya za ta ce masa kamfanin nan mai dukiya ne, ba zai ji a jikinsa ba. Mai yiwuwa haka ne. Amma ga ɗan shekara 5 tsaye riƙe da hannunsa, wanda ya ci wainar bikin cikar ƙanwarsa shekara 3 watan jiya, ya kuma san lissafi har goma. Ko dai ya buɗe baki ya gyara wa ubansa a gaban ma'aikaci, ko kuwa an riga an ja masa kunne tun a masauki cewa ya yi shiru. Kowanne aka yi, yaron ya koyi karatu guda: gaskiya tana da farashi, in ya kai dala ɗari a kan sayar da ita. Abin mamaki, iyali sun yi ta damuwa da abin da ƙaramar za ta manta, ga shi kuwa sun ba babban abin da ba zai manta ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, ta inda aka tanƙwara kuwa ta nan zai bushe.

Na biyu sandar awo. Liluna masu gudu suna da iyakar tsawo. Akwai wani jirgi mai gudu cikin duhu a Magic Kingdom, ana kiransa Space Mountain, ba a barin yaro ya hau sai ya kai inci 44. Ɗan shekara 5 sau da yawa ya kan gaza da inci ɗaya ko rabi. Waɗansu iyaye su kan cusa takarda cikin takalmin yaro don ya ƙara tsawo. Alhali ba don ƙeta aka sa iyakar ba. Ƙarfen da ke riƙe mahayi an auna shi ne da girman jiki, wanda bai kai ba yana iya zamewa. Uban da ya cusa takarda ya yi ƙarya, ya kuma sa ran ɗansa cikin kasada domin daɗin minti biyu ko uku. Wanda kuwa ya durƙusa ya ce, "Ɗana, bana ba ka kai ba, za mu auna ka a jikin ƙofar ɗaki mu ga ran da za ka kai," ya koya masa cewa akwai abin da kuka ba ya saye, sai haƙuri.

Haka kuma tsoro. Ɓeran da yarinya ke so a majigi ɗan mitsitsi ne, wanda za ta tarar a dandali kuwa ya fi uwarta faɗi, fuskarsa ba ta motsi. Yara da yawa su kan firgita. In aka tura ta jikinsa tana kuka don a ɗauki hoto, an sayar da mai ɗanɗanawa ke nan don a biya mai tunawa, mai tunawar kuwa ba ita ba ce, iyayenta ne. Masu dandalin ma sun yi tanadi saboda irin wannan: a liluna da yawa an yarda uba ya hau da babba uwa na riƙe da ƙarama, in sun sauko uwa ta hau ba tare da ta sake bin layi daga farko ba. Ba tilas a cikin wasa, in tilas ta shiga ya tashi daga wasa.

Layi da bashi

Cikin 1999 kamfanin ya fito da wata dabara ta kama wuri a layi, mutum ya karɓi takarda ya komo a lokacin da aka rubuta masa, kyauta ga duk wanda ya shiga. Cikin 2021 aka soke ta, aka kawo ta biya. Saboda haka ɗan magidancin nan zai tsaya minti arba'in cikin rana, ya ga waɗansu yara sa'o'insa suna wucewa ta wata hanya, ya tambayi dalili. Uba na iya zagin masu wucewa, ko ya ji kunya ya zaro katin bashi na banki ya saya. Yana kuma iya faɗin gaskiya a sauƙaƙe, ya ce sun biya ƙari ne, su kuwa sun zaɓi su ajiye nasu kuɗin don wani abu. Yaron da ya ji ubansa ya faɗi haka ba da ɗaci ba, ba da kunya ba, ya koyi yadda a ke zama cikin duniyar da wani ya fi wani.

Wannan ya kawo magana kan bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai na tilas akwai na ganin ido. Iyaye da yawa hotunan maƙwabta a Facebook ne ke tunzura su, su ga kamar ɗan da ba a kai shi ba an tauye shi. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Wanda ya tafi da kuɗin aro mai ruwa, in ya komo sai ya nemi ƙarin aiki da maraice don ya biya, ya riƙa fita yara na barci ya komo suna barci. Ya sayi kwana biyar tare da su, ya biya da maraice masu yawa waɗanda da tare za su yi. Ga yarinya 'yar shekara 3, wadda duk duniyarta ita ce wanda ke kusa da ita yau, wannan ciniki faɗuwa ne.

Hukunci

To, wa ya yi gaskiya, tsohuwa ko surukarta? Kowace ta kama gefe guda. Daɗin da yaro zai manta ba asara ba ne, domin ya ji shi, ya kuma shiga cikin ginin halinsa ko da labarin ya ɓace. Amma ba a auna daɗin yaro da yawan kuɗin da aka kashe. Saboda haka in magidancin nan yana da kuɗin da ya tara da guminsa, ya yarda zai faɗi shekarun 'yarsa na gaskiya a bakin ƙofa, ya kuma yarda za a yanka yinin daidai da ƙarfin mafi ƙanƙanta a cikinsu, to, ya tafi, kada mantuwar yarinya ta hana shi. In kuwa ɗaya daga cikin waɗannan ya gagara, ya dakata, sannu ba ta hana zuwa. Yarinyar ba ta yi hasarar kome ba, muddin dakatawar ba ta haɗa da wasan tsakar ɗaki da yawon maraice ba, don waɗannan ba su jiran a tara kuɗi.

Ma'aunin nan bai tsaya ga masu zuwa Filorida ba. Uban da ya kwashi 'ya'yansa ran Salla ya nufi gidan namun daji na Kano, shi ma zai tarar da ƙofa mai tikiti, da layi, da rana, da ƙaramin da ya ga zaki ya fashe da kuka, da zuciyar da ke ce masa tun da ya biya sai an zaga ko'ina. In ya ga ƙaramin ya tsaya ya ƙura wa jimina ido ya ƙi gaba, kada ya ja hannunsa. Ya tsuguna kusa da shi su kalli jiminar tare, don abin da ya fito nema ke nan tun daga gida.